Bulowar mota ta mutu: ka kwance da kanka ko ka kai wa riwaya, mai gyaran wutar mota?

A watan Agustan bara ina dawowa daga Zariya bayan la'asar, na wuce Mararrabar Jos kaɗan sai sama ta kece da ruwa. Mu huɗu ne a motar. Muka ɗage gilasai, ba a yi minti uku ba gilashin gaba ya yi fari fat da tururin numfashinmu. Na murɗa makunnin fanka zuwa ɗaya, shiru, zuwa huɗu, shiru. Haka ƙanena ya riƙa goge mini gilashi da hankici ina lallaɓawa a bayan wata tirela har muka iso Kawo. Tun daga ranar na daina ɗaukar bulowa, wato fankar da ke cikin dashbod, a matsayin kayan jin daɗi.

Da yawa daga cikinmu a Kaduna muna ganin hita ba ta da wani amfani a ƙasar da rana ke ƙona ƙeya, shi ya sa idan aka ce fankar hita sai mutum ya ɗaga kafaɗa. Amma fanka ɗaya ce tak a cikin dashbod. Ita ke turo sanyin esi a watan Maris da Afrilu lokacin da sitiyari ba ya taɓuwa don zafi, ita ke turo ɗumi da asubahin Disamba da Janairu idan za ka kai yara makaranta cikin hunturu, ita ce kuma ke busar da gilashi da damina. Idan ta tsaya, duka ukun sun tsaya tare, ko da kuwa kwamfireso lafiyarsa lau, gas kuma cike.

Ita bulowar ba wani abu mai wuyar fahimta ba ce. Ƙaramin injin lantarki ne mai aiki da wutar batir, bolt 12, an ɗaura masa kwandon roba mai haƙora kamar ƙaramin gammo. Yana zuƙo iska daga gindin gilashin gaba ko daga cikin motar, ya tura ta ta kan abin sanyaya iska na esi, ko ta kan ƙaramin lagireton hita wanda ruwan zafin inji ke ratsawa. Wutar da ke zuwa mata tana bi ta fiyus, ta rile (ɗan makunnin da wuta ke kunnawa), ta makunni, sannan ta wani ɗan ƙarfe da ake kira rizisto, wanda shi ke rage wutar don a samu gudu na ɗaya, na biyu da na uku. A motocin da ake saita musu lambar sanyi su daidaita kansu, maimakon rizisto akwai ƙaramin akwatin lantarki da ke wannan aiki.

Na jero waɗannan ne saboda a nan kuɗin mutane ke salwanta. Kafin a zo kan tambayar wa zai kwance, akwai tambayar da ta riga ta: shin bulowar ce ma ta mutu? Na san mutum biyu da suka sayi bulowa, aka ɗaura, aka kunna, shiru kamar da, ashe fiyus ne a ɗaya, ɗayan kuma soket ne ya narke.

Motar da kanta tana faɗa maka, in ka saurara. Idan fanka ba ta aiki a ɗaya, biyu da uku, amma da ka kai ta na ƙarshe sai ta taso da ƙarfinta, to bulowarka lafiya take, rizisto ne ya ƙone, domin gudun ƙarshe ba ya bi ta kansa, kai tsaye wuta ke zuwa. Idan shiru ne gaba ɗaya, fara da fiyus. Yawanci babba ne, mai amfiya 30 ko 40, kuma murfin akwatin fiyus yana ɗauke da zanen da ke nuna wurinsa. Idan fiyus lafiya, kunna fanka, ka miƙa hannu ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja ka ɗan bubbuga gidan bulowar da tafin hannu. In ta farfaɗo, ko kuma ka lura tana tashi da kanta duk lokacin da ka faɗa rami, to burushin da ke cikinta, ƴan guntayen gawayin da ke miƙa wa injin wuta, sun cinye, kwananta ya ƙare. Idan tana kuka kamar tsuntsu, musamman da sanyin safiya, bushin ɗinta, wato zoben da sandar tsakiya ke juyawa a ciki, sun bushe. Idan kuwa ƙara take kamar an jefa tsakuwa a gwangwani, dashbod na rawa, sau da yawa ba lalacewa ba ce: busasshen ganyen dogonyaro ne, ko leda, ko ɓera ya yi sheƙa a cikin kwandon. Wanda ke ajiye mota ƙarƙashin bishiya a Unguwar Rimi ko Malali ya san wannan.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake ɗora wa bulowa laifinsu alhali ba ruwanta. Iska tana fitowa da ƙarfi amma ba sanyi, wannan maganar mai esi ce. Iska tana fitowa amma ba ɗumi, wannan yawanci aikin bakanike ne na baya: a garin nan an saba cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, an kuma saba haɗe bututun hita biyu a waje idan ƙaramin lagireton ya fara yoyo, sai ruwan zafi ya daina shiga ciki sam. Ko sabuwar bulowa daga kamfani ka ɗaura, ɗumi ba zai zo ba.

Gwajin da ke yanke gardama shi ne na wuta. Ka zare soket ɗin bulowar, ka kunna mota, ka kai fanka gudun ƙarshe, ka sa mita ko fitilar gwaji a kan wayoyin biyu. In wuta tana zuwa, mita ta nuna 12 ko sama da haka kaɗan, amma fanka ba ta motsi, bulowar ce. In wuta ba ta zuwa, matsalar tana can baya, kuma a nan ne nake ganin mai mota ya kamata ya tsaya ya nemi mai sana'a.

To yanzu a ce an tabbatar ita ce. Abin da zai raba maka gardama tsakanin yi da kanka da kai wa riwaya, kafin ƙwarewar hannunka, shi ne irin motar da kake hawa. Motocin da suka cika titunan Kaduna, Corolla ta 2003 zuwa 2008, Camry ta 2002 zuwa 2011, Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 wadda muke kira EOD ko DC, duk bulowarsu tana rataye ne ƙarƙashin aljihun dashbod, daidai saman ƙafar fasinja. Soket ɗaya, sukurori uku, ta faɗo hannunka. Wanda ya iya canza soket ɗin bango a gidansa zai iya wannan, kuma in ba a samu wata tangarɗa ba, bai fi aikin rabin awa ba. Peugeot 406, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a nan Kakuri, a masana'antar da ta fara aiki tun 1975, ita ma tata tana ɓangaren fasinja kuma hannu yana kaiwa, sai dai motocin Turai sun fi amfani da sukurori masu kan tauraro, don haka sukudireban gida ba zai kama su ba, sai ka nemi nasu.

Amma akwai motocin da aka cusa bulowar can tsakiyar dashbod, kusa da ƙafar direba. Ford Focus ta tsakiyar shekarun 2000 da wasu ƙananan Nissan irin su Versa, sai an kwance totur, wani lokaci har da abin da ke riƙe da birki, kafin a zaro ta. Wannan ban ba kowa shawarar ya fara koyo a kansa ba. Kuskure a kan fanka zafi kawai zai sa ka sha, kuskure a kan birki kuwa rai ne. Don haka kafin ka yanke shawara, ɗauki tocila, ka buɗe ƙofar fasinja, ka durƙusa ka leƙa. In ka ga wani zagayayyen baƙin abu kamar gindin ƙaramar tukunya, da waya biyu ko uku a jikinsa, ita ce, kuma aikin naka ne in kana so. In ba ka gan ta ba, ka kama hanyar gareji.

Me mutum ke samu in ya yi da kansa? Mutane suna fara lissafi da kuɗin aiki, amma a gaskiya ba shi ne babban abin ba, domin ladan riwaya a kan sukurori uku ba ya kai kuɗin kayan. Abin da na fi ƙimantawa shi ne kai ka zaɓi abin da za a ɗaura wa motarka, ka gan shi da idonka, ka san kuɗinsa na gaskiya. Na biyu, kai ba ka sauri. Ba wata mota a bayanka da mai ita ke tsaye yana duba agogo. Za ka share ƙurar da ta taru a gidan fankar, ka duba soket ko ya fara baƙi, ka mayar da kowane sukuru da kowane murfi mazauninsa. Duk wanda ya taɓa karɓo mota daga gareji ya tarar da murfin ƙarƙashin dashbod a but, ko aljihun gaba yana ƙara saboda an karya ƴan haƙoran robarsa, ya san abin da nake nufi.

Shi kuma riwaya yana da abin da ba ka da shi, kuma rashin adalci ne a raina shi. Hannunsa ya taɓa irin motarka sau ɗari. Yana da tsohuwar bulowa a ƙarƙashin tebur da zai jona ya gwada kafin ka kashe ko sisi. Ya san mai kayan da ke karɓar abu in ya ƙi aiki, kuma mai kaya yana jin nauyinsa fiye da yadda zai ji naka, kai da ka zo yau ba zai sake ganinka ba. Uwa uba, in ya buɗe ya tarar waya ta narke, ko wuta tana ɓacewa a hanya, ya san inda zai bi. A Kurmin Mashi da sauran wuraren da garejoji suka taru akwai masu wannan sana'a da sun fi shekara ashirin a kanta, kuma in ka dace da nagari, ba abin da ya fi ka ba shi makulli ka zauna a benci.

Damuwata ita ce ba kowa ne nagari ba, kuma gyaran wuta wuri ne da ake iya ɓoye aika-aika. Kafin wancan ruwan na hanyar Zariya, fankar motata ta taɓa tsayawa sau ɗaya, na kai wa wani yaro a bakin titi. Cikin minti goma ta tashi. Na ce, “Malam, me ya same ta?” Ya ce, “Alhaji, fiyus ne kawai, na gyara maka shi.” Sai da na zo kwancewa da kaina bayan wata biyar na ga gyaran: ya naɗe ƙafafun fiyus ɗin da zaren waya. Fiyus kuwa ba ya ƙonewa haka kawai. Bulowar da bushinta suka bushe tana jan wuta fiye da ƙima, fiyus ya sadaukar da kansa don kada waya ta yi zafi. Da aka hana shi ƙonewa, sai zafin ya koma kan soket, na tarar da robar ta narke ta manne, ta yi baƙi ƙirin. Allah ne ya kiyaye ba ta kama da wuta ba. Ko da wa zai yi maka aikin, kada ka yarda a naɗe fiyus, kada a sa wanda ya fi lambar da kamfani ya rubuta, kada kuma a ja wa fanka waya kai tsaye daga batir a sa mata makunnin bango, abin da ake yawan yi wa motocin haya.

Sai maganar kayan, wadda ta fi maganar kwancewa wuya. Zaɓi huɗu ne a gabanka, kuma ba daidai suke ba.

Ta Baljiyam, wato wadda aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje, ita ce akasarin mutane ke saye a Oriyafata ko Panteka, kuma ni ma ita nake fifitawa ga motar da ta haura shekara goma sha biyar. Dalili kuwa ta asali ce, ƙirar kamfanin da ya yi wa motar tun farko, Denso a Toyota, Valeo ko Behr a yawancin motocin Turai, kuma kwandonta a daidaite yake, ba ya girgiza. Aibinta, ba ka san shekara nawa ta yi tana juyawa ba, sannan akwai wadda aka ciro daga motar gida, aka wanke da fetur, aka jera cikin na Baljiyam. Maganin wannan shi ne gani da ido. Ka tafi da tsohuwar a leda. Ka sa mai shago ya jona sabuwar a batir a gabanka, ka riƙe ta a hannu tana juyawa: in tana fizgar hannunka ko tana kuka, ajiye ta. Ka juya kwandon da yatsa, ya kamata ya tafi sumul ba tare da kartar komai ba, ka kuma girgiza sandar tsakiya ka ji ko tana wasa. Ka shinshina, ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya. Sannan ku yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da ita, a rubuta a rasit.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu. Amma kayan gwanjo suna shigowa har daga Ingila da Japan, inda sitiyari ke dama, kuma a irin waɗannan motoci an juya gidan fanka, sau da yawa haƙoran kwandon suna kallon ɗaya ɓangaren ne. Za ka ɗaura, ta yi ta ƙugi, iska kuwa ƴar kaɗan. Haka ma Corolla ƙirar Amurka da ƙirar Turai, suna ɗaya, shekara ɗaya, amma ba lallai soket ya zo ɗaya ba. Shi ya sa sunan mota kaɗai ba ya isa. Ka ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, ka dubi inda haƙoran suka karkata, ka ƙirga ramukan sukuru, ka dubi bakin soket.

Sabuwa ta kwali mai araha, wadda ake shigowa da ita daga Chana, tana da kyan gani kuma ba wanda ya taɓa amfani da ita, amma a nan sa'a ce. Wata takan yi shekaru, wata kuwa tun ranar farko za ka ji dashbod na rawa a gudu na uku saboda kwandon bai daidaita ba, ko iskar ba ta kai ta tsohuwar ba. Araha ba ta ado. In ita za ka saya, wata dabara ita ce a cire kwandon tsohuwar a ɗaura mata, in ramin sandar ya zo ɗaya. Sabuwa ta asali daga dila kuwa ba ta da aibi sai tsada, kuma farashinta yana bin dala. Ga mai sabuwar mota da yake niyyar riƙewa shekaru, ta cancanta.

Na huɗun shi ne gyaran tsohuwar, kuma a nan riwaya ya yi wa mai yi da kansa nisa. Yakan buɗe ta, ya sa sabon burushi, ya goge wurin da suke gogawa, ya ɗiga wa bushin mai. In burushi ne kawai suka cinye, wannan gyara ne na gaskiya, kuma shi ya fi kowanne sauƙin kuɗi. Amma in tagullar da burushin ke hawa ta yi kwari, ko sandar tana wasa, ko wayar ciki ta ƙone, jinkiri kawai ka saya, bayan wata biyu ko uku za ka dawo. Ka roƙi ya nuna maka cikinta kafin ka amince.

Ga wanda ya zaɓi yi da kansa, aikin kansa gajere ne. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka kwance kan batir na baƙar waya da sifana mai lamba 10, ka ɗan jira mintoci. Dalilin jiran shi ne jakar iskar fasinja, wadda ke buɗewa lokacin hatsari, tana nan saman inda za ka sa hannu, kuma duk soket ko waya mai launin rawaya da ka gani tata ce, kada ka taɓa. Masu Honda su nemi lambar sirrin rediyonsu kafin su cire batir, don in wuta ta yanke rediyon yakan kulle. Ka tura kujera baya iyakarta, ka shimfiɗa tabarma, ka cire murfin ƙasa, ka ɗauki hoton yadda komai yake da wayarka. Soket yana da ɗan harshe da ake dannawa kafin a ja, kuma robar motar da ta sha ranar Kaduna shekaru tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, don haka a hankali. Sukurun da ke can ciki kusa da bangon inji shi ke ba da wahala, shi za ka fara kwancewa tun sauran biyun suna riƙe da nauyin. Wajen mayarwa kada ka ɗaure da ƙarfi, cikin roba suke shiga. Ka gwada kowane gudu, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka rufe murfi.

In bulowar ta mutu ne bayan ta daɗe tana kuka, ka ciro rizisto ma ka duba, yana nan kusa da ita da sukuru biyu, domin fankar da ke jan wuta da yawa takan tafi da shi. Haka kuma in rizisto kaɗai ka canza ya sake ƙonewa cikin ƴan makonni, bulowar ce ke kashe shi.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai Corolla, Camry, Accord ko 406 wanda ya gwada ya ga wuta tana isa soket, soket ɗin kuma bai ƙone ba, ya sayo ta Baljiyam da aka gwada a gabansa ya ɗaura da kansa ranar Asabar da safe. Wanda ya ga narkakkiyar roba, ko fiyus yana ta ƙonewa, ko wuta ba ta zuwa, ko motarsa tana cikin masu buƙatar a taɓa totur da birki, ya nemi riwayan da aka yaba masa, ya tsaya a kansa har a gama, ya karɓi tsohuwar bulowarsa a hannu. Akwai kuma hanya ta tsakiya wadda na fi ba abokaina masu shakka: ka biya riwaya ladan gwaji kawai ya faɗa maka abin da ya mutu, kai ka je kasuwa da tsohuwar ka zaɓo, sannan ka yanke wa zai ɗaura.

Ranar da na sauke tawa bulowar, na cire aljihun dashbod na zaro filtar da ke saman fankar, abin da tun da na sayi motar ban san yana nan ba. Ta toshe da jar ƙurar hunturu har ta yi nauyi a hannu, da ganye da ɓawon gyaɗa a cikin ninkinta. Iskar da ke ratsa wannan filta ita ke sanyaya rizisto da ita kanta bulowar, don haka toshewarta na cikin abin da ya gajarta musu kwana. Yanzu duk ƙarshen Fabrairu, idan hazo ya ja baya, nakan ciro ta in duba, in ta yi baƙi in sa sabuwa kafin zafin Maris ya kankama.